Yadda zaka karanta labarin matuƙan jiragen yaƙi ka gane ainihin abin da suke faɗa

Duk mai sha'awar tarihin yaƙe-yaƙe ko ba daɗe ko ba jima sai ya faɗa kan labarin matuƙan jiragen yaƙi, ina nufin ƙananan jiragen nan masu ɗaukar mutum ɗaya waɗanda aikinsu farautar wani jirgin a sama. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira da ransu sun zauna sun rubuta abin da suka gani, wasu kuma sai da suka tsufa aka ɗauki hira dasu, yanzu hirarrakin suna nan birjik a intanet. Abin da yake damuna shine mutum zai karanta ko ya saurara ya tashi da abu ɗaya tak, wane ya kakkaɓo jirage 80 wane ya kakkaɓo 352, shikenan sai a hau musun waye gwani. Alhali su mutanen da bakinsu ba wannan suke ta nanatawa ba. In ka natsu zaka ji Bajamushe da Bature ɗan Ingila da ɗan Rasha da ɗan Japan, waɗanda suka yi ta ƙoƙarin kashe juna, duk kusan magana ɗaya suke yi. To ga yadda nake ganin ya kamata ka bi labaran nan don ka jiyo wannan maganar.

Fara da sanin jirgin da mutumin yake ciki

Kafin ka buɗe shafin farko ɗauki ɗan lokaci ka nemo abu huɗu game da jirgin: bindigoginsa, yawan harsashinsa, mansa, da kuma ko akwai sulke a bayan kujerar matuƙi. In baka san waɗannan ba rabin abin da mutumin yake faɗa zai wuce ta saman kanka.

Ɗauki Spitfire, jirgin yaƙin Birtaniya na 1940 a Yaƙin Duniya na Biyu. Bindigogi 8 ne a fuka-fukansa, kowace da harsashi 300, ka ji kamar abin ya yi yawa ko? To in matuƙi ya danna maɓalli bai saki ba, cikin wajen sakan 15 komai ya ƙare. Sakan 15 fa, na tashi guda ɗaya. Da ka san wannan sai ka gane dalilin da yasa Sailor Malan, ɗan Afirka ta Kudu da ya jagoranci runduna ta 74 ta sojan saman Birtaniya, ya sa a cikin dokokinsa 10 cewa a riƙa harbi gajere na sakan 1 zuwa 2 kawai, kuma sai an tabbatar saiti ya hau. Sannan zaka gane abin da yasa sababbin shiga suke yawan ba da labarin yadda suka zazzage harsashinsu tas daga nesa, suka zama ba su da komai a tsakiyar faɗa sai gudu.

A ɗaya ɓangaren kuma, Messerschmitt 109 na Jamus yana tasowa daga gaɓar Faransa, kafin ya iso saman Landan mai ya ja baya sosai, abin da ya rage masa na faɗa bai fi minti 10 ba. Shi yasa a labarin matuƙan Jamus na wannan shekarar zaka yi ta jin zancen jar fitilar mai da kuma tsoron tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa, don da yawa ba harbo su aka yi ba, man ne ya ƙare suka faɗa ruwa. Akwai kuma wani abu ɗan ƙarami amma ya ci rayuka: injin Spitfire da Hurricane, ɗayan jirgin Birtaniya, na lokacin da kafireta yake aiki, in matuƙi ya dangwarar da hancin jirgi ƙasa farat ɗaya sai injin ya shaƙe na ɗan lokaci, shi kuwa 109 allurar mai yake da ita, ko a jikinsa. Don haka in ka ji Bajamushe yace da ya ga an biyo shi sai kawai ya tura sanda gaba ya nutsa, ɗan Ingila kuma yace sai da ya fara kifar da jirginsa kafin ya bi shi, ba salo suke yi ba, injinsu ne ya tilasta musu.

Haka Zero na Japan, ba jirgin Amurka da ya kai shi iya juyi a farkon yaƙin, amma ba sulke, tankin mansa kuma baya toshe kansa in harsashi ya huda, da an taɓa shi sai wuta. Amurkawa sun koyi cewa duk wanda ya tsaya zagaye da jiragen Japan ya mutu, Claire Chennault tun a China yake gaya wa matuƙan P-40 ɗinsa su hau sama su faɗo da gudu su yi harbi su wuce, kada su kuskura su tsaya juyi.

Cire hoton fim daga kanka

Wannan shine babban abin, kuma anan zan ɗan daɗe. A fim jirage biyu ne suke ta zagaye juna minti da minti, kowa yana ganin fuskar ɗan uwansa. Hakan yana faruwa amma ba shine yawanci ba. Yawanci wanda aka harbo bai ma san da wanda ya harbo shi ba, yana tafiyarsa sai kawai ya ji ƙarfe yana farfashewa a bayansa. Erich Hartmann na Jamus, wanda aka rubuta wa jirage 352 a fagen Rasha, ya kiyasta cewa wajen kashi 80 cikin 100 na waɗanda ya kakkaɓo ba su san yana wurin ba sai da ya buɗe wuta. Tsarinsa matakai huɗu ne, ka gani, ka yanke shawara, ka kai hari, ka janye. Lura da na biyun, wato bayan ka hango abokin gaba sai ka tambayi kanka shin wannan harin zai yiwu ba tare da an ganni ba, in amsar a'a ce sai ka ƙyale shi ka nemi wani. Mutumin da ya fi kowa adadi a tarihi yana gaya maka baya son faɗan zagaye, yana ganinsa ɓata lokaci da sai da rai. Ɗaukar shaho yake yi wa ɗan tsako, daga sama, daga baya, ƙiftawa da bismilla ya wuce.

Kuma ba shi ya ƙirƙiro ba. Tun 1916, a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Oswald Boelcke ya rubuta wa matuƙan Jamus dokoki 8, cikinsu akwai ka samu rinjaye tun kafin ka kai hari, ka sa rana a bayanka, ka zo wa abokin gaba ta baya, kada ka yi harbi sai ka matso kusa, kada ka ɗauke ido daga kansa, in an faɗo maka daga sama kada ka juya baya ka gudu ka juyo ka tare shi, in kana saman ƙasar abokan gaba kada ka manta da hanyar komawarka. Sama da shekara 20 bayan haka Malan ya rubuta nasa, kusan abu ɗaya, ya ƙara da cewa kada ka tafi miƙe ɗoɗar sama da sakan 30 a fagen fama. Alexander Pokryshkin na Tarayyar Sobiyet shi kuma ya dunƙule nasa a kalmomi huɗu a faɗan Kuban, a kudancin Rasha, na 1943: tsawo, gudu, juyi, wuta. Tsawon ne a gaba, saboda wanda yake sama shi yake zaɓar lokacin da za a yi faɗan, in ya ga dama ma ya fasa.

To in kana karatu, duk inda marubuci ya fara zancen rana da gajimare da waye a sama waye a ƙasa kada ka tsallake kana neman inda aka fara harbi, faɗan kenan ake yi, harbin ƙarshen zance ne kawai. Ka lura da ƙananan abubuwa: yadda matuƙi yake ɗaga babban yatsa ya rufe ƙwayar rana yana leƙen gefenta, yadda yake sa makanikinsa ya goge gilashin jirgi tas saboda ɗigon datti ɗaya yana iya zama kamar jirgi daga nesa, ko kuma jirgi na gaske ya ɓuya a bayansa. Ɗan gyalen silikin da kake gani a wuyansu a hotuna ba gayu bane zalla, waiwaye suke yi ba ƙaƙƙautawa hagu dama sama baya, in ba siliki kwalar riga sai ta saɓule musu fatar wuya. Chuck Yeager na Amurka ya sha alaƙanta nasararsa da ƙarfin idonsa, yana hango ɗigon jirage tun sauran ba su ga komai ba.

Akwai wani abu da kusan kowannensu yake faɗa wanda da farko zaka ɗauka ƙari ne, wai yanzu-yanzu sama cike take da jirage ana ta kaca-kaca, ka juya sau ɗaya ka duba sai ka ganka kai kaɗai ba kowa. Gaskiya ne, lissafi ne kawai, jirgi yana cin sama da mita 100 a sakan ɗaya, biyu in suka juya wa juna baya cikin rabin minti sun yi nisan kilomitoci. Kuma wannan lokacin kaɗaicin suna cewa yana cikin mafi hatsari, don mutum ya saki jiki.

Harbin kansa

Anan ba sai na ja ba. Ka dai riƙe cewa jirgin da yake gilmawa ba a saitinsa, gabansa ake saiti, inda zai kai lokacin da harsashin zai isa, kuma mafi yawan matuƙa ba su iya wannan ba har yaƙi ya ƙare. 'Yan kaɗan ne irinsu George Beurling ɗan Kanada a Malta da Hans-Joachim Marseille na Jamus a hamadar Arewacin Afirka suka gwanance a kai, Johnnie Johnson na Ingila kuma ya danganta nasa da harbin tsuntsu da ya saba tun yana yaro. Sauran maganinsu ɗaya, matsowa. A farkon yaƙi ana saita bindigogin jiragen Birtaniya su haɗu a yadi 400, matuƙan da suka ɗanɗana faɗa suka dawo da shi 250. 'Yan Poland na runduna ta 303 sun yi suna wajen matsowa har abin ya ba abokan aikinsu tsoro. Hartmann saboda tsabar matsowa, tarkacen jiragen da ya harba sun sha dukan nasa jirgin har ya yi saukar dole ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba.

Kula da wanda yake rufa masa baya

Littafi da sunan mutum ɗaya yake fitowa, shi yasa mai karatu yake mantawa cewa a bayan kowane gwani akwai wani yaro da aikinsa kawai ya manne masa yana duba baya, shi ba zai samu adadi ba, ba za a sa hotonsa a jarida ba. In marubuci yana ambaton wannan yaron da suna yana faɗin abin da ya same shi, ni dai nan take nake ƙara yarda da shi.

Tsarin jerin jirage ma ka sa masa ido. 'Yan Birtaniya sun shiga 1940 suna tashi uku-uku a matse, biyun da ke gefe hankalinsu duk yana kan kada su goga fiffiken shugaba, saboda haka mutum ɗaya ne kawai yake duba sama. Jamusawa kuwa tun a yaƙin basasar Sifen, Werner Mölders da abokansa suka gyara tsarin huɗu-huɗu a warwatse, biyu-biyu, kowa yana ganin bayan ɗan uwansa. Sai da aka yi asarar rayuka kafin Birtaniya ta kwaikwaya. John Thach na sojan ruwan Amurka da ashana a kan tebur ya tsara yadda jirage biyu za su riƙa saƙa, suna gilma wa juna, duk Zero da ya bi ɗaya sai ya faɗa bakin bindigar ɗayan, aka gwada a faɗan Midway a tekun Pasifik a watan Yuni 1942 kuma ya yi aiki.

Labarin fitar Hartmann ta farko zuwa faɗa a Oktoba 1942 yana da kyau ka nema, don shi ne hoton sabon shiga. Ya hango jiragen Rasha ya bar shugabansa Edmund Rossmann ya ruga, ya yi harbi bai samu komai ba, ya ruɗe, Rossmann ya biyo shi don ya cece shi shi kuma ya ɗauka abokin gaba ne ya yi ta gudu har mai ya ƙare ya yi saukar dole. Aka hukunta shi da aiki tare da makanikai. Daga baya abin da ya fi alfahari da shi ba 352 ɗin bane, cewa yake ba wani mai rufa masa baya da ya mutu a ƙarƙashinsa.

Duba yadda gwanayen suka mutu

Wannan ba su za su faɗa maka ba, sai ka nema da kanka, kuma yana koyar da abu fiye da nasarorinsu. Manfred von Richthofen na Jamus mai jirage 80, ɗalibin Boelcke, ranar 21 ga Afrilu 1918 ya bi wani sabon matuƙi ƙasa-ƙasa har cikin yankin abokan gaba kusa da kogin Somme, abin da shi kansa yake hana yaransa, harsashi ɗaya ya same shi, yana da shekara 25. An ba Roy Brown ɗan Kanada wannan nasarar, amma mafi yawan masana tarihi yanzu suna ganin sojojin Ostireliya ne daga ƙasa. Ka tuna kuma a Yuli 1917 an ji masa rauni a ka, ya koma tashi ciwon kai bai bar shi ba. Mick Mannock na Birtaniya, wanda yake gargaɗin yaransa kada su bi jirgin da suka harbo zuwa ƙasa, a Yuli 1918 ya sauko ƙasa bayan ya harbo wani, aka same shi daga ƙasa. Thomas McGuire na Amurka yana da jirage 38 yana so ya kamo ɗan ƙasarsu Richard Bong mai 40, a Janairu 1945 a Filifin ya yi matsanancin juyi kusa da ƙasa bai yar da ƙarin tankunan mansa ba, jirgin ya kuɓuce masa ya faɗi. Shi kuwa Boelcke mai dokokin, karo suka yi da jirgin abokinsa Erwin Böhme a Oktoba 1916 suna bin jirgi ɗaya, yana da jirage 40. Ba jahilci bane ya kashe su, sun san dokar sarai, gajiya ce da kuma idon da ya kafe a kan abu ɗaya har mutum ya manta da duk abin da ke kewaye da shi. Abin yana taɓa zuciyata duk lokacin da na zo kansa.

Adadi, riƙe shi da hannu biyu amma kada ka rantse a kansa

Ranar 15 ga Satumba 1940 Birtaniya ta sanar da kakkaɓo jiragen Jamus 185. Bayan yaƙi da aka duba takardun Jamus sai aka ga abin da suka rasa a ranar wajen 60 ne. Kada kayi saurin cewa ƙarya matuƙan suka yi. Mutum uku za su harbi jirgi ɗaya a lokuta daban-daban, kowa ya ga ya faɗi, kowa ya koma ya rubuta nasa ne. Ko ka harbi jirgi ya nutsa yana baƙin hayaƙi ka ɗauka ya tafi, alhali matuƙin ne ya take injin iya ƙarfinsa ya tsere, kai kuma ba halin ka bi shi da kallo don duk wanda ya tsaya kallon wanda ya harba shine na gaba. Kowane ɓangare ya yi irin wannan ƙarin, Jamusawa ma haka, Japanawa ma haka, Rashawa ma haka. A Koriya an daɗe ana cewa F-86 ɗin Amurka suna harbo MiG-15 ƙirar Sobiyet guda 10 kafin a harbo musu ɗaya, da aka buɗe takardun Sobiyet bayan rushewarta sai tazarar ta ragu sosai. Matuƙan Amurka baƙar fata da aka horar a Tuskegee, masu jirage masu jan wutsiya a Yaƙin Duniya na Biyu, an daɗe ana cewa ba su taɓa rasa jirgin bam ko ɗaya da suke rakiya ba, binciken takardun sojan saman Amurka ya nuna an harbo 27. Wannan bai rage musu komai ba a wurina, don adadin ya yi ƙasa da na sauran rundunonin rakiya a yankinsu, kuma dalilin shine shugabansu Benjamin Davis ya hana su barin jiragen bam su tafi farautar suna.

Sannan in ka ga Jamusawa da ɗaruruwa, Amurkawa da Ingilawa da 30 ko 40, ka tambayi sau nawa kowa ya tashi. Hartmann ya yi fita wajen 1,400. Bajamushe tashi yake yi har sai ya mutu ko ya nakasa, Ba'amurke kuwa in ya cika adadin fitarsa gida ake mayar da shi ya koyar da sababbi, kuma a ƙarshen yaƙi sai ya yi fita da yawa bai ga jirgin abokin gaba ko ɗaya ba. Ranar da Yeager ya samu 5 a rana ɗaya a Oktoba 1944, biyu daga ciki bai harba musu ko harsashi ɗaya ba, karo suka yi da juna da ya zo musu ta baya.

Tambayi yaushe aka rubuta, kuma wa ya riƙe alƙalamin

Abin da aka rubuta ana tsakiyar yaƙi daban yake da na bayan shekara 50. Littafin Richthofen a 1917 ya fito, hukuma ce ta so a yi shi don ƙarfafa gwiwar jama'a kuma ya bi ta hannun masu tacewa, don haka muryar mafarauci mai nishaɗi da kake ji a ciki kada ka ɗauke ta a matsayin duk zuciyarsa. Richard Hillary na sojan saman Birtaniya ya rubuta nasa bayan ya ƙone a Satumba 1940, ya fito a 1942, ya matsa sai da aka mayar da shi tashi, ya mutu a hatsarin jirgi a Janairu 1943. Geoffrey Wellum kuwa da ya shiga runduna ta 92 yana ɗan shekara 18, nasa sai 2002 ya fito. Na farko yana da zafin abin amma akwai abin da ba a bari a faɗa ba, na ƙarshe yana da 'yancin faɗin tsoro amma tsufa yana haɗa ranaku biyu su zama ɗaya. Wasu kuma ɗan jarida ne ya rubuta musu ya ƙara gishiri, kamar labarin Saburo Sakai na Japan da ya fito da Turanci, adadi 64 da ake jingina masa masana suna jayayya a kai. Amma tafiyar da ya yi a Agusta 1942 tabbas ce: ya afka wa wasu jiragen Amurka a tsibirin Guadalcanal yana zaton ba su da bindiga a baya, ashe suna da ita, harsashi ya same shi a ka ido ɗaya ya tafi, a haka ya tuƙa kusan awa 5, sama da kilomita 1,000, ya koma sansaninsu a Rabaul.

Matuƙan Jamus da suka yi rubutu bayan 1945 kuma, ka lura da abin da suka yi shiru a kai. Za su baka injin da gajimare da abokai dalla-dalla, amma gwamnatin da suke yi wa yaƙin da abin da ake aikatawa a ƙasan da suke shawagi a kai, da yawansu sai su zame. Ka karanta su don sanin sana'ar, amma kada daɗin labarin ya sa ka manta wa suka yi wa aiki.

Saurari inda murya ta sauka

Tsoron da ya fi fitowa a bakinsu ba na harsashi bane, na wuta ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya matuƙan Birtaniya ba a ba su laimar sauka ba, Jamusawa ma sai 1918 suka fara samu, to in jirgin katako da yadi ya kama wuta a sama zaɓi biyu ne, ka ƙone ko ka yi tsalle. Mannock ƙaramar bindiga yake tashi da ita saboda wannan ranar. A na Biyu akwai laima amma tankin mai yana gaban matuƙin Hurricane da Spitfire, da ya buɗe murfi don ya fita sai iska ta jawo wutar kan fuskarsa da hannayensa. Likita Archibald McIndoe a asibitin East Grinstead ya yi ta sake gina fuskokin irin waɗannan samarin, wasu tiyata fiye da goma. In marubuci ya faɗi a layi ɗaya cewa wane bai dawo ba ya wuce zuwa zancen abinci, ba taurin zuciya bane, haka suke iya tashi gobe. A faɗan Birtaniya kaɗai, daga Yuli zuwa Oktoba 1940, cikin kusan 3,000 da suka tashi 544 sun mutu. Ka lura da zancen amai kafin tashi, da firgita in wayar tarho ta yi ƙara a ɗakin jira, da barci a kan kujera da takalmi a ƙafa, da shan giya da daddare, waɗannan layukan sun fi kowane adadi gaya maka yadda abin yake.

Da yawansu suna cewa jirgi suke harbi ba mutum ba, har sai ranar da suka ga mutumin, yana ƙoƙarin buɗe murfi ko yana faɗowa laimarsa tana ci da wuta, kuma wannan ranar ce take bin su har tsufa. Sakai bayan yaƙi ya yi alwashin ba zai ƙara kashe wani abu mai rai ba. Labarin Franz Stigler na Jamus da ya samu jirgin bam na Charlie Brown Ba'amurke a ragargaje ranar 20 ga Disamba 1943 ya ƙi harbinsa ya raka shi har bakin teku gaskiya ne, sun haɗu a 1990 suka zama aminai, amma ana yawan ba da shi ne saboda irinsa ba yawa. An harbi mutane suna lilo a laima a fagage da dama, wasu marubutan sun faɗa wasu sun ɓoye.

In ka zo zamanin jet kada ka ɗauka dokokin sun canza gaba ɗaya. Amurka ta shiga Biyetnam da F-4 wanda samfurinsa na farko ba bindiga a jikinsa, an yarda makami mai linzami ya gama magana, sai ga shi makamin da ake kira Sparrow wajen ɗaya cikin goma yake samun abin da aka harba wa, kuma sau da yawa doka ta ce sai matuƙi ya tantance jirgi da idonsa kafin ya harba. Sojan ruwa suka buɗe makarantar koyon faɗan sama a Miramar ta jihar California a 1969, sojan sama kuma suka sa wa nasu F-4 bindiga. Robin Olds da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu sannan ya jagoranci runduna a Biyetnam, hirarrakinsa suna da amfani sosai don shi ya ga zamanin biyu da idonsa.

Abin da zan ce ka gwada in ka samu lokaci: zaɓi rana ɗaya da aka yi babban faɗa, ka nemo abin da matuƙi ɗaya daga kowane ɓangare ya faɗa game da ita, sannan ka nemo jerin jiragen da kowace runduna ta rubuta ta rasa a ranar, waɗannan jerin masana tarihi sun fitar da su na yaƙe-yaƙe da dama. Ka ɗauki takarda ka rubuta lokaci da wuri da tsawon da kowa yace yana kai da inda rana take. Inda suka dace ka sa alama, inda suka saɓa kuma ka duba mai da harsashi da saurin jiragen biyu, galibi a nan zaka samu dalilin saɓanin.